Riɗin da Inusa Ya Hana Hawa Babur

Shekara uku ke nan babu wanda ya kai Inusa na Tsamiyar Dogo tambayar farashi a duk ƙasar Mallawa. Ranar Alhamis da yamma, in 'yan kasuwa suna dawowa daga Maigatari, can ƙetaren iyaka, yana nan tsaye bakin hanya a gindin gawo, hannuwa a baya. Kafin ka kashe babur ya iso. Ba ya yi maka ban gajiya, ba ya tambayar mutanen can.

"Nawa buhun wake yau?"

In ka faɗa masa, sai ya ce, "Naira fa, yaya take da sefa?"

In ka faɗa, ya gyaɗa kai ya juya gida. Samari suka ce tsoho ya koyi son kuɗi da furfura. Samari ke nan, bakinsu ya fi hannunsu aiki. Mutumin da ba ya canja riga sai ta yage, ina shi ina son kuɗi? 'Yarsa yake jira. Farashin wake ne yake kawo ta, shi ne kuma yake hana ta zuwa.

A nan garin aka haife shi, a gidan da yake ciki har yau. Ubansa manomi ne, gero da wake, da 'yar gyaɗa a gefen gona. Inusa bai shiga lakkwal, makarantar boko, ba. Allo ya yi har ya samu abin salla, aka miƙa masa hauya. Da damina noma. Da rani ya ɗaura shanunsa biyu a amalanke ya kai kayan mutane kasuwa, in ya sauke ya zauna da basilla da zare yana ɗinke bakin buhu. A wannan aikin aka san shi. Kafin mai kaya ya gama ciniki Inusa ya gama ɗinki, kuma buhun da ya ɗinke ko daga kan kamiyo, babbar motar kaya, ya faɗo ba ya buɗe baki. Shi ma mai ɗinkin haka yake. Ka yini da shi a gona, abin da za ka ji bai wuce "miƙo ruwa" da "mu tashi" ba.

Ya auri Aisa, ta haifa masa mace, aka sa mata Hidaya. Ita ce 'yar fari, kuma kowa ya san 'yar fari ba taka ba ce. Ba ka faɗin sunanta, ba ka ɗaukar ta, ba ka yi mata wasa a gaban mutane. Da aka yaye ta, uwarsa ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, a cikin gida ɗaya, amma kamar a wani gari. In ta kama dole ya ambace ta sai ya ce "yarinyar nan". Wata shekara ƙyanda ta kwantar da ita. Bai leƙa ɗakin ba. Ya ɗauki sandarsa ya taka har Dungas, ya sayo magani, ya dawo ya ajiye a bakin ƙofar uwarsa, ya wuce gona ko ruwa bai sha ba. Iyakar abin da al'ada ta bar masa ke nan, shi kuwa bai taɓa neman ƙari ba.

Aisa ta ƙara masa maza biyu, ta rasu suna ƙanana. Uwarsa ma ta bi. Mazan sun girma, suna can Agadas wajen neman kuɗi, sai an ga hadari suke dawowa. Gidan ya koma hannun yayarsa Ƙande, wadda mijinta ya mutu ta dawo gidan ubanta. Duk maganar da Allah ya hana Inusa, Ƙande ya bai wa.

Hidaya tana sayar da ƙosai a kasuwa Nafi'u ya gan ta. Ɗan Yekuwa ne, amma a Kano yake zaune, yana saya wa wani mai kuɗi wake a kai masa kasuwar Dawanau. Ta so shi, ya so ta, aka ɗaura. Ranar da za a tafi da ita Inusa ya fita gona tun da safe, alhali an gama girbi, babu abin yi a can sai kara. Ya yini yana tara karan.

Kano da nisa, kuɗin mota da yawa. Amma aikin mijin ya zo da sauƙi. Sau biyu a shekara Nafi'u yana zuwa da kamiyo sayen wake: da kaka in yana arha, da bazara in manoma sun fito da abin da suka ɓoye. Duk zuwa yana saka ta a gaban mota, shi a tsakiya, ita a jikin taga. Za ta zauna gida iyakar kwanakin da za a yi ana cika kamiyon daga ƙauyuka. Wani lokaci har mako.

Ba wani abu ake yi ba in ta zo. Ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Baba, ina wuni." Ya dubi bango ya ce, "Lafiya lau. An zo lafiya?" Shi ke nan. Amma a kwanakin nan amalankensa kullum sai ya lalace, kuma a jikin dangar cikin gida yake gyaran sa, inda ake jiyo hirar mata. Yana jin dariyarta, irin ta Aisa, mai tashi sama ta yanke. Da yamma in an kawo tuwo ya san hannun da ya kaɗa miyar, don ita daddawa take cikawa. Zai cinye ya lashe kwano, Ƙande ta ce, "Ni na shekara ina dafa maka kana ragewa!" Ya yi kamar bai ji ba.

Duk mai zaune a bakin iyaka ya san yadda abin yake. Wake da dabbobi su yi kudu. Sukari, man mota, takin zamani, atamfa da robobi su yi arewa. In naira tana da ƙarfi, mutumin Kano ya zo da kuɗinsa ya canja ya cika mota. In ta faɗi, kuɗin nan dai ne, amma rabin mota suke cikawa, sai ya zauna gida. Inusa ya daɗe da sanin haka kamar yadda ya san ana ruwa ana fari. Bai taɓa damun sa ba, har shekarar da naira ta fara gangara kamar guga ya tsinke a rijiya, aka kuma zo aka rufe iyaka.

Kakar nan ya samu wake mai kyau. Ya zuba a buhunan nan masu leda biyu a ciki, ya matse iska, ya ɗaure kowace leda daban don kada ƙwari su samu numfashi, ya jera a ɗaki. Kamiyo bai zo ba.

Yana da aboki ɗaya, Ajimi mai awo, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Shi yake zama da tiya a kasuwa yana auna wa mutane hatsi, kuma shi kaɗai ne yake iya gaya wa Inusa duk abin da ya zo bakinsa.

"Kai, mai basilla, wake ya tashi. Watan jiya tiya dala ɗari da ashirin a kuɗin sefa, yau ɗari da hamsin. Mutanen Damagaram suna nema. Fito da naka."

"Ba yanzu ba."

"Sai yaushe? Sai ya haihu a buhu?"

"Akwai mai shi."

"Mai shi yana Kano yana kuka da naira. Ko dai ba mai waken kake jira ba?"

Inusa ya zare zare ya ci gaba da ɗinki. Ajimi ya yi dariya ya ƙyale shi.

A cikin wannan rufewar Hidaya ta samu ciki, bayan shekarun da ta yi shiru. Haihuwar fari kuwa a gida ake yin ta, a yi wa mai jego wankan ruwan zafi safe da yamma. Ƙande ce mai salula a gidan, ita ake kira. Tun ranar da Inusa ya jiyo labarin ta bayan danga, ya fara dawowa daga kasuwa da itace a amalanke. Bai ce na mene ne ba. Ya tara a bayan ɗaki, manya-manyan gungume, har tsibin ya kai kan danga. Ƙande ta zari guda za ta hura wuta, ya ce, "Yaya, ajiye."

Rannan da hantsi salula ta yi kuka, Ƙande ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Ta fito zaure.

"An sauka. Mace. Amma ba za a zo wanka ba. Nafi'u ya ce hanyar daji ba ta mai jego ba ce, kuɗin mota kuma ya ninka. Gwaggon mijin za ta yi mata a can."

"Allah ya raya," in ji Inusa.

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

"Me zan ce?"

Ya tashi ya ba shanu ruwa, ko da yake bai daɗe da ba su ba. Itacen nan bai yarda an taɓa shi ba. Damina ta jiƙa shi, gara ta shiga, ya zama ƙasa a inda yake.

Waken ma haka ya tsallake bazara, lokacin da ya fi tsada. Aka buɗe iyaka, ya fara tsayuwar gindin gawo. Wata ya zo naira ta ɗan ɗaga kai, ya share zaure, ya gyara rumfa. Wata na biye ta koma inda ta fito. Nafi'u ya gaya wa Ƙande a salula, "Gwaggo, in na sayo a nan na kai can, jarin ma ba ya dawowa. Maigidana ya ce a dakata." Aka dakata. Sabon wake ya fito, tsoho ya faɗi. Ana cikin haka aka ji a radiyo gwamnati ta hana fitar da gero da dawa da wake zuwa ƙetare, don abinci ya yi tsada a gida. Masu sayen tiya ɗaya su ci suka yi murna, kuma da gaskiyarsu. Inusa ya kashe radiyo. Ranar kasuwa ya loda waken shekara biyu a amalanke, ya bayar a yadda aka taya. Ajimi yana auna yana tsaki.

"Ka ƙi ɗari da saba'in, ka karɓi tamanin. Ko jaki ba ya wannan lissafi."

"Auna, ka cika surutu."

Da rani ya yi nisa sai Ƙande ta kawo wani labari. Maigidan Nafi'u ya bar wake, ya koma riɗi. Shi riɗi ba a hana fita da shi ba, kuma ba mutanen Kano ne masu cin sa ba, jirgin ruwa ake loda wa a kai ƙasashen nesa, don haka faɗuwar naira ba ta kashe kasuwarsa ba. Ta faɗa ne cikin hira, tana tsince shinkafa. Ruwan shuka na sauka, ya ɗauki babbar gonarsa, wadda tun kakansa gero ake zubawa a cikinta, ya shuke ta da riɗi daga wannan kunya zuwa waccan. Gero ya bar wa 'yar gonar bayan gari.

Ƙande ta tare shi a ƙofar gida. "Inusa, riɗi za mu tuƙa? Riɗi za mu dama? In rumbu ya ƙare a tsakiyar rani, kai zan saka a tukunya?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, ya kuma ba ka hankali ka ajiye a gona!"

'Ya'yansa da suka dawo noma suka yi gunaguni, suka yi aikin, suka koma Agadas. Shi kuwa bai san riɗi sosai ba. Ya bar gefe ɗaya ya bushe a tsaye kamar gero, kwanson ya fashe, iri ya zube ƙasa, kurciyoyi suka yi biki. Ajimi ne ya zo ya gani ya riƙe baki. "Da sauran ɗanyensa ake yanka, wawa! A ɗaure a jingina ya bushe, sannan a kakkaɓe." Suka yi ta yanka su biyu, tsofaffi, har bayansu ya ƙage. Buhu takwas ya samu. Ya ɗinke su da hannunsa, ɗinki biyu-biyu.

Farashi ya yi kyau a kakar nan, tiya har dala ɗari huɗu. Ƙande ta buga ta shaida wa Nafi'u akwai kaya. Ya ce yana tafe.

Ran da zai zo Inusa ya sa rigar da ba ta yage ba. Da azahar ya ji ƙara daga kudu, amma ba ƙarar kamiyo ba ce. Babura uku ne suka tsaya a ƙofar gida, Nafi'u a kan na gaba. Inusa ya dubi bayan kowanne. Babu kowa, sai igiyoyin roba a nannaɗe, na ɗaure buhu.

Nafi'u ya cire takalmi, ya tsuguna nesa, ya gaishe da surukinsa kai a ƙasa. Suruki da suruki ba sa ciniki baki da baki, don haka aka kira Ajimi ya zauna a tsakani.

"Ya ce man mota ya yi tsada, yanzu da babur suke kwasa zuwa Maigatari, can ake haɗawa a yi lodi. Ya ce zai biya ɗari huɗu, ba ragi. Wallahi ka karɓa."

Inusa ya daɗe yana kallon igiyoyin robar nan.

"Gaya masa riɗina ba ya hawa babur."

"Me ya sa? Jiri yake ji?"

"Buhu yana gogewa ya yage."

"Ɗinkin naka? Wanda kake cika baki ko daga kan kamiyo ya faɗo..."

"A zo da mota."

Nafi'u ya ɗaga kai kaɗan, ya mai da. Yaro ne mai kunya, bai ja magana ba. Ya sayi na maƙwabta, suka ɗaure suka tafi.

Daga nan farashi ya fara sauka. Aka ce masu jirgin ruwa sun samu mai arha a wata ƙasa. Watan farko ɗari uku da saba'in. Na biyu ɗari uku da ashirin. Ajimi ya daina tsokana, ya koma faɗa. Geron 'yar gona ya ƙare kamar yadda Ƙande ta faɗa, suka koma awo a kasuwa. Inusa ya sayar da akuya, ya sayar da ta biyu. Ya koma ɗaukar dako har kasuwannin da a da yake cewa sun yi wa shanunsa nisa. Buhu takwas suna jere a ɗaki a kan katako, yana shiga ya duba ɓera ya fito.

Wata safiya Ƙande ta dire masa kwanon koko ba sukari.

"Kai, ɗan uwata, ni ba yarinya ba ce. Ka buɗe baki ka ce a kawo ta ka gan ta. Wa zai kashe ka? Zamanin ma ya wuce, 'yan yanzu har goya 'yar fari suke yi."

"Ni na ce ina neman wani?"

"To me kake nema?"

"Mota."

Ta buga salula a gabansa, ta sa ta a sarari yadda zai ji. "Hidaya, ubanki ya zautu. Muna sayen gero da tiya, ga riɗi buhu takwas yana ruɓewa a ɗaki, ya ce shi ba ya sayarwa sai an zo da mota. Mota dai, mota dai, kamar shi zai shiga."

Daga can ɓangaren muryar Hidaya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, motar da ke da gaba?"

"Akwai mota marar gaba ne?"

"Ki ce masa..." Ta tsaya. "A'a. Kada ki ce masa kome."

Inusa ya riga ya fita, ya bar kokon.

Bazara ta kankama, zafi ya kai inda kaji suke buɗe baki, sannan wata 'yar a-kori-kura mai fashen gilashi ta shigo garin da azahar tana tari. Nafi'u ne ya ɗauko ta haya daga aljihunsa, ba da sanin maigidansa ba. Ƙofar gefen taga ta buɗe. Inusa yana zaure, ya ga ƙafa ta sauko, ya ga mayafi, ya ga 'yar yarinya a kafaɗa. Ya juya ya fuskanci bango ya kama neman basillarsa, tana kuwa soke a hularsa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

Ta rame. Bai dube ta ba, amma ya gani. Ta sauke yarinyar ta tura ta gaba. "Hanan, je ki gaishe da mijinki."

To, jikanya ba 'yar fari ba ce. Ita al'ada ta sake masa baki a kanta, abokiyar wasa ce. Ya ɗauke ta cak, ta dubi furfurarsa ta fashe da kuka, shi kuwa ya ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ya ɗaga ba.

"Kuka za ki yi mini? Ni ya kamata in yi! Haka ake yi, amarya? Shekara uku ba ki leƙo ni ba. Na share zaure ya sake cika da ƙasa, na tara itace gara ta cinye. Dubi yadda kika rame, ba sa ba ki abinci ne a Kanon? Shekara uku!"

Ajimi, wanda ƙarar mota ta jawo shi, ya jingina da ƙofa. "Mai basilla, amaryar taka fa ba ta cika shekara biyu da rabi ba."

Babu wanda ya yi dariya. Hidaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige cikin gida. Ƙande ta karɓe ta da guɗa da faɗa a haɗe.

Direba mutumin Gumel ne, mai sauri. Ya ce a yi a gama, yana son ya wuce duwan, shingen kwastan, kafin rana ta faɗi. Nafi'u ya fito da sikeli, ya gaya wa Ajimi farashin yau: daidai da dala ɗari biyu da hamsin a tiya. Ajimi ya dafe kai. Inusa ya ce ya yarda.

"Amma gaya masa ban san sikeli ba. Tiya na sani."

Aka shimfiɗa tabarmi. Ya fito da buhu na farko, ya zauna ya warware ɗinkin da ya yi da hannunsa, zare-zare, ba ya yanka. Ya juye. Ajimi ya dube shi, ya dubi ƙofar cikin gida inda aka fara jin ƙarar turmi, ya gyara zama ya ɗauki tiya. Mutumin da yake auna buhu kafin ka gama gaisawa, ranar nan sai ya cika tiya, ya share bakinta da tafin hannu, ya ɗaga ya duba ta a rana, sannan ya juye.

"Kai, na ruɗe. Nawa muka ce? A sake."

"Haba Baba!" in ji direba. "Ga sikeli nan, minti nawa ne?"

Ajimi ya ce, "Yaro, riɗi ba wake ba ne. Santsi gare shi."

In an cika buhu, Inusa ya zare basilla. Hannun da duk kasuwar Mallawa ta sani da sauri ya koma kamar na mai koyo. Ya soka, ya ja, ya duba, ya ce bai yi ba ya warware. Hanan ta gama kukanta ta zo tana tsoma hannu a riɗin tana watsawa, bai hana ta ba. Daga bayan danga dariya ta tashi sama ta yanke. Basilla ta tsaya a hannunsa, sannan ta ci gaba.

Aka kira la'asar suna buhu na biyu. Aka kira magariba suna na huɗu. Direba ya yi ta zagin kansa da ya karɓi aikin, ya nemi tabarma. Nafi'u kuwa shi ya san abin da ya ɗauko.

Aka kawo tuwo. Inusa ya kai loma ɗaya ya tsaya. Daddawa ta ji. Ya cinye, ya sa yatsa ya share kwanon.

Da safe aka gama na biyar aka loda. Nafi'u ya tsuguna, ya yi wa Ajimi magana a hankali. Ajimi ya juyo.

"Ya ce saura uku."

"Waɗannan ba su bushe ba."

Ajimi ya buɗe baki. Riɗin da ya yi rabin shekara a ɗaki, a zafin da ke fasa tulu. Ya rufe bakin, ya juya wajen Nafi'u. "Ka ji. Ba su bushe ba. Sai bayan Salla."

Ya sunkuyo kusa da kunnen abokinsa. "Ka san kafin nan zai ƙara faɗuwa."

"Na sani."

"Gero kuma yana hawa."

"Na ce na sani."

Hidaya ta fito da goyo. Ta durƙusa a bakin zaure. "Baba, za mu koma."

"To. A sauka lafiya. A riƙa cin abinci."

Bai raka su ba, ba a yi. Yana zaure ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji tarinta har ya ɓace wajen kudu. Da ya shiga cikin gida ya ga 'yan takalman yarinyar, jajaye, a jere a bakin ɗakin da buhunan suke. Ƙande ta ce mantuwa ce, a ba 'yan kasuwa su kai Maigatari a aika. Ya ɗauka ya ɗora su a kan buhu na sama ya ja ƙofa.

Kuɗin buhu biyar ɗin gero suka koma, ba su kai kaka ba. Shekarar nan ya raba babbar gona biyu, rabi gero don bakin Ƙande, rabi riɗi. Har yau in ka dawo daga Maigatari ranar Alhamis za ka same shi a gindin gawo. Tambayar ta ƙaru. Zai ce nawa riɗi, ya ce yaya naira, sannan ya matso kusa.

"Man mota fa, nawa lita?"